An Yafe Masa a Bakin Ƙofa

Na daɗe ina karanta littattafan soyayya na Kirista, irin waɗanda masu buga su ke kira masu tsabta, har na kai matsayin da nakan faɗi ƙarshen labari tun ban wuce babi na uku ba. Wannan bai taɓa rage mini daɗin karatu ba, domin duk wanda ya ɗauki littafin soyayya ya riga ya san cewa masoyan za su daidaita a ƙarshe, abin da ya rage masa ya gani shi ne hanyar da marubuci zai bi da su. Sai dai a 'yan shekarun nan akwai abin da yake damuna, wato yadda marubuta da yawa ke ɗaure yafiya da amincewa a ƙulli ɗaya, kamar duk wadda ta furta cewa ta yafe, tilas ne ta miƙa makullin gidanta a daren nan. Littafin da na gama a makon jiya bai bi wannan hanya ba. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda zan taɓo ƙarshensa kuma ba na so in ɓata wa wanda bai karanta ba.

Tsabtar da ake nufi a wannan fage tana da iyakoki sanannu. Ba a bayyana kwanciyar aure, ba a ashar, ba a batsa, soyayyar ba ta cika wuce riƙe hannu ko sumba ba, kuma ana sa ran bangaskiyar mutanen labarin ta shiga cikin ginin labarin kansa. Irin wannan rubutu ya fi ƙarfi a Arewacin Amurka. Grace Livingston Hill, wadda ta rasu a 1947, ta rubuta littattafai sama da ɗari a kan wannan salo, amma yawancin masu bin tarihin fagen suna ɗaukar 1979 a matsayin shekarar da ya tsaya da ƙafarsa, lokacin da kamfanin Bethany House ya buga Love Comes Softly na Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada. Zuwa 1997 kasuwar ta yi girman da har kamfanin Harlequin, wanda ya yi suna da littattafan soyayya na gama-gari, ya buɗe wani reshe na musamman mai suna Love Inspired. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Marubucin da ya ajiye sha'awar jiki a gefe dole ne ya nemo wani abin da zai raba masoyansa shafi bayan shafi, ya kuma riƙe mai karatu, kuma abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne rauni: ƙaryar da aka yi, sirrin da aka ɓoye, amanar da aka ci. Don haka yafiya ta zama ginshiƙin waɗannan littattafai, kuma idan ginshiƙin ya karkace, ginin gaba ɗaya yakan bi shi.

A littafin da nake magana a kai, mata da miji ne, suna da 'ya ɗaya. Mijin ya faɗa caca a ɓoye, ya kwashe abin da ke asusun ajiyarsu, ya ci bashi da sunan matar ba da saninta ba, da asiri ya tonu kuma kunya ta kore shi daga gari. Bayan shekara uku ya dawo yana cewa ya tuba. Marubucin da ya saba da hanya mai sauƙi zai ja labarin har babin ƙarshe, matar tana fushi, mijin yana roƙo, sannan a yi wata addu'a mai sa hawaye, ta yafe, su rungumi juna, a rufe littafi. Wannan marubuciya ta kawo yafiyar tun kafin a ci kashi ɗaya cikin uku na labarin.

Da yamma ne ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa a hannu. Ta buɗe ƙofar rabi, ta tsaya a tsakani, yarinyar tana leƙowa ta bayanta. Ya fara wani dogon bayani da alama ya haddace shi a hanya, sai ta katse shi cikin natsuwa, ta ce masa ta yafe masa tun bara, ba ta riƙe shi da komai a gaban Allah, ba kuma za ta kai shi ƙara ba. Ya ɗaga ƙafa zai shigo, ita kuwa ba ta matsa ba. Ta gaya masa cewa idan yana son ganin 'yarsa, ya zo ranar Asabar gidan dattijon ikilisiya da ƙarfe huɗu, sannan ta rufe ƙofa a hankali, ta murza makulli. Marubuciyar ta nuna mana shi a waje yana jin ƙarar makullin, ta kuma nuna mana ita a ciki, ta jingina da bango, hannuwanta suna rawa har ta kasa ɗaura wa yarinyar igiyar takalmi. Na ajiye littafin a nan na ɗan jima, domin ban taɓa ganin an rubuta yafiya da murza makulli a shafi ɗaya ba, kuma dukansu biyun gaskiya ne.

Na san akwai masu karatu da za su ce wannan yafiya ragaggiya ce, tunda Yesu bai sa wa gafara iyaka ba. Gaskiyarsu a kan rashin iyakar. A Matiyu 18 Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, aka amsa masa da bakwai sau saba'in, aka kuma bi amsar da misalin bawan da aka yafe wa bashin talanti dubu goma, ya fita ya shaƙe abokin aikinsa saboda dinari ɗari. Amma misalin a kan yafe bashi yake magana, babu inda ya ce sarkin ya wajaba ya sake damƙa wa bawan taskarsa. Bisharar Yahaya ma ta ce a sura ta 2 mutane da yawa sun ba da gaskiya ga Yesu a Urushalima, shi kuwa bai amince musu da kansa ba, domin ya san abin da ke zuciyar ɗan adam. Wanda ya yi wa masu gicciye shi addu'ar gafara, shi ne kuma ya ce wa almajiransa su zama masu wayo kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi.

Labarin da ya fi kusa da wannan littafi a duk Littafi Mai Tsarki, a ganina, shi ne na Yusufu, ko da yake babu soyayyar mace da namiji a cikinsa. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, aka yi shekara bakwai na ƙoshi, kuma yunwa ta ci shekara biyu kafin ya bayyana musu kansa, wato fiye da shekara ashirin ke nan tsakanin rijiya da sulhu. Sunan da ya raɗa wa ɗansa na fari, Manassa, da ya fassara da cewa Allah ya mantar da shi wahalarsa, yana nuna cewa ɗacin ya riga ya bar zuciyarsa tun kafin 'yan'uwan su sauka Masar. Duk da haka, da suka zo sayen hatsi bai faɗa wuyansu nan take ba. Daga Farawa 42 zuwa 44 gwaji ne a kan gwaji: ya tsare ɗaya daga cikinsu, ya sa su kawo Biliyaminu, ya fifita yaron a wurin liyafa a gaban idonsu, ya kuma sa aka ɓoye ƙoƙon azurfarsa a buhun yaron. Abin da ya yi shi ne ya sake gina musu irin ranar da suka ci amanarsa, ga ɗan lelen uba a hannunsu, ga damar su bar shi cikin bauta su tsira da kansu. Sai da Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da Yusufu tun farko, ya tsaya ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, sannan Yusufu ya kasa daurewa ya fashe da kuka. A tsakanin surorin nan ya sha juya baya ya yi kuka a ɓoye, abin da ke nuna cewa gwajin bai fito daga ƙiyayya ba. Yana son su, ya yafe musu, amma yana bukatar ya gani da idonsa ko mutanen da suka jefa shi a rijiya har yanzu su ne a gabansa, kuma gani ya kori ji.

Haka sauran littafin ya tafi. Mijin ya sami aikin ƙarfi, kowane ƙarshen wata yana kai ambulan wurin dattijon ikilisiya don rage bashin da ya ci da sunan matarsa, ya shiga ƙungiyar masu yaƙi da jarabar caca, ya kuma yarda wani ya riƙa duba shige da ficen kuɗinsa. Marubuciyar ba ta ƙawata wannan ba. Akwai watan da ambulan ɗin ya zo da gibi, matar ta kwana tana juyi, washegari ta gano cewa an rage masa kwanakin aiki ne kuma ya riga ya sanar da dattijon tun kafin a tambaye shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma littafin bai ɗauki gudun nata a matsayin zunubi ba. Wannan ya tuna mini da Zakka a Luka 19, wanda tubarsa ta zo da lissafi, rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Tubar da ake iya ƙirgawa ta fi amfani ga wadda aka cuta fiye da tubar da ake rerawa.

Dalilin da ya sa wannan batu ya tsaya mini a rai ba na adabi ba ne kaɗai. Shekarun baya yayata ta shiga irin wannan hali da mijinta a kan kuɗi, ni kuma cikin ƙuruciya da kyakkyawar niyya na kai mata wani littafi na wannan fage, ina tsammanin zai sanyaya mata zuciya. A wancan littafin mijin ya durƙusa a gaban ikilisiya a babi na ƙarshe, matar ta taso daga kujera ta ɗaga shi, jama'a suka ɗauki waƙa. Bayan kwana uku ta mayar mini da shi. Na ce, "Yaya, ba ki ji daɗinsa ba ne?" Ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ya yi daɗi. Amma ba a faɗa mana wanda zai riƙe kuɗin gidan ranar Litinin ba." Ban sami amsa ba a lokacin. Daga baya na fahimci cewa littafin ya ƙara mata nauyi ne, domin ta riga ta yafe iyakar ƙarfinta, amma tsoro bai bar ta ba, labarin kuwa yana nuna mata cewa mace mai bangaskiya ta gaske ba ta da sauran tsoro bayan ta yafe. Ga ciwon cin amana, ga zargin kai a bisansa.

Dietrich Bonhoeffer, faston nan Bajamushe da gwamnatin Nazi ta kashe a 1945, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1937 a kan abin da ya kira alheri mai arha, wato wa'azin gafara ba tare da neman tuba ba. Ina ganin akwai irinsa a labaran soyayya, inda ake tattara sulhu gaba ɗaya a shafi goma na ƙarshe, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Illar ta fi tsanani idan laifin da ke cikin labarin duka ne ko cin zarafi, saboda a can amincewa da wuri tana iya jawo asarar rai, kuma akwai masu karatu da ke ɗaukar waɗannan littattafai kusan kamar nasihar fasto. Sau da yawa ana kafa hujja da Annabi Yusha'u, wanda Allah ya umarta ya auri Gomer ya kuma sake karɓo ta bayan ta ci amanarsa, kuma a kan labarinsa ne Francine Rivers ta gina Redeeming Love a 1991, ta mayar da shi Kalifoniya ta zamanin neman zinariya. Amma auren Yusha'u alama ce ta annabci da aka ba mutum ɗaya don a nuna wa Isra'ila irin ƙaunar da Allah yake yi mata. Yin amfani da shi a matsa wa duk wanda aka cuta ya koma nan da nan, ɗora wa nassin kayan da ba nasa ba ne.

Masana halayyar ɗan adam ma sun raba abin gida biyu. Everett Worthington, wanda ya daɗe yana bincike a kan yafiya a Amurka, kuma aka yi wa mahaifiyarsa kisan gilla har ya zama dole ya gwada koyarwarsa a kan kansa, ya bambanta yafiyar da mutum ke yanke shawara a kanta da yafiyar da zuciya ke kaiwa gare ta a hankali. Ta farko niyya ce ta barin ramuwa, ana iya ƙulla ta yau. Ta biyu sauyawar abin da mutum ke ji ne, tana da nata lokaci. Sulhu kuma abu na uku ne, shi yana bukatar mutum biyu. Matar da ke cikin littafin ta furta ta farko a bakin ƙofa, ta biyun ta ci mata kusan shekara, na ukun kuwa ya dogara ga abin da mijin zai yi.

Inda marubuciyar ta fi burge ni shi ne yadda ta bi da bangaskiya. A babobin farko, duk lokacin da ikilisiya ta tashi yin Addu'ar Ubangiji, matar takan bi su har zuwa inda ake roƙon abincin yini, da an zo wurin neman gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi sai ta yi shiru, ta bari a wuce, ta sake shiga a gaba. Ba wanda ya lura sai 'yarta, wadda wata rana ta tambaye ta ko ta manta wurin ne. Fushin da take yi da Allah ya fi wanda take yi da mijin zurfi, domin ta yi addu'a kafin ta aure shi, ta kuma ɗauka cewa addu'ar lamuni ce. A hankali ta gane cewa dogara ga Allah bai taɓa zama alkawarin cewa mutum ba zai ci amanarta ba. Da ta fara sake buɗe wa mijin hanya, ta yi haka ne tana sane da cewa yana iya sake faɗuwa, kuma ta gaskata cewa ko hakan ta faru ba za ta hallaka ba. Addu'arta a wannan wuri ta yi kama da ta uban yaron nan a Markus 9, wanda ya ce ya ba da gaskiya, ya kuma roƙa a taimaki rashin bangaskiyarsa a numfashi ɗaya.

Ba a bar mijin a baya ba. Akwai wani abu da ba a cika rubutawa ba, wato wahalar da wanda aka yafe wa ke sha kafin ya gaskata cewa an yafe masa. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar, amma da ya rasu, 'yan'uwan Yusufu suka sake firgita, suka aika masa da roƙo kamar ba a taɓa sulhu ba, shi kuwa ya yi kuka da ya ji saƙon. Mijin nan ma duk lokacin da matar ta yi shiru sai ya ɗauka an janye yafiyar, ya shiga yawan ba da haƙuri har ya gundure ta. Dattijon ikilisiyar ne ya zaunar da shi ya tuna masa da Bitrus, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku a gefen wutar gawayi, aka kuma tambaye shi sau uku a gefen wata wutar gawayin ko yana ƙauna, sannan aka ba shi tumaki ya yi kiwo. Ya ce masa lokacin roƙo ya wuce, yanzu lokacin riƙe abin da aka ba shi ne, komai ƙanƙantarsa.

Littafin yana da nasa aibu. Wa'azin faston a tsakiyar labari ya yi tsawo, ya kuma maimaita abin da mutanen labarin suka riga suka nuna da aikinsu. Kusa da ƙarshe an kawo rashin lafiyar yarinya don a haɗa iyayen a ɗakin asibiti ɗaya, dabarar da ta tsufa a wannan fage, kuma labarin bai bukace ta ba. Ban kuma ji daɗin yadda aka saka wa mijin da babban aiki farat ɗaya ba, kamar tuba tana zuwa da ƙarin albashi.

Abin da ya wanke waɗannan kurakurai shi ne babi na ƙarshe, wanda babu biki a cikinsa, babu jawabi. Da safe ne, lokacin biyan kuɗin makarantar yarinya ya yi, matar tana sauri za ta fita aiki. Ta ƙirga kuɗin, ta tsaya da su a hannu na ɗan lokaci, sannan ta miƙa masa ta ce ya biya a hanyarsa, ba ta ƙara ko kalma ba. Yinin nan ba ta iya komai a wurin aiki ba, sau biyu tana ɗaukar waya za ta kira makarantar tana ajiyewa. Da ta dawo da yamma ta iske rasit a kan tebur, an danne shi da kofi don kada iska ta ɗauke, shi kuwa yana waje yana gyara wa yarinyar keke. Ta duba rasit ɗin, ta naɗe shi ta sa a aljihu, ta ciro makulli ɗaya daga zoben makullanta ta ajiye a inda rasit ɗin yake.

Na kira yayata a waya na ba ta labarin tun daga bakin ƙofa har zuwa safiyar da aka miƙa kuɗin makaranta. Kafin in kai ga yammacin ranar ta katse ni, ta ce, "Tsaya tukuna. Ya kawo rasit?" Na ce ya kawo, ba tare da an tambaye shi ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in kawo mata littafin ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada.